Ina Magana Take Kwana?

Gabatarwa

Duk wanda ya bi diddigin yadda Bahaushe yake zancen magana zai tarar cewa kusan dukkan alhakinta baki da harshe ya ɗora wa. Wanda ya iya lallashi shi ne mai zaƙin baki, wanda ba ya son surutu mai nauyin baki, mai faɗar abin da ke sosa rai kuwa mai kaifin harshe. Idan mutum ya faɗi abin da bai yi niyya ba sai a ce suɓutar baki ce, idan maganar ta ja masa wahala sai a tuna masa cewa baki shi ke yanka wuya. Hatta yaren da al'umma take yi, harshe muke kiransa. Fulanin da muka tashi a cikinsu su ma haka suke, domin kalmar ɗemngal tana nufin tsokar da ke cikin baki, tana kuma nufin yare. In Bahaushe ya so ya zurfafa, iyakarsa ya gangara ciki ko zuciya, ya ce wane yana da zurfin ciki, ko kuma ya ce ta ciki na ciki. Ƙwaƙwalwa ba kasafai ake ambatonta a wannan fage ba.

Mu da muka tashi a Mbamba, a gefen Yola, mun buɗi ido ne cikin harsuna da yawa. A tsakar gida Fillanci ake yi, a kasuwar Jimeta Hausa, a makarantar allo Larabci, a ta boko Turanci, ga kuma maƙwabta masu yin Batanci da Veranci. Yaro ɗan shekara bakwai yakan sauya harshe sau uku tsakanin ƙofar gida da bakin titi, ba tare da ya san ya yi wani abin a zo a gani ba. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu leƙa inda ake ƙera wannan magana, domin rashin sanin wurin yana sa ana zaluntar wasu bayin Allah, watau waɗanda ciwo ya ɗauke wa magana alhali hankalinsu yana nan daram.

Kafin Baki Ya Buɗe

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma ita kaɗai take cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci. Bari mu ga abin da take yi a ɗan ƙanƙanin lokacin da mai saye ya tsaya gaban mai tallar nono ya tambayi kuɗin ludayi.

Da farko akwai nufi, wanda bai riga ya zama kalma ba. Sa'an nan sai a shiga rumbun kalmomi, inda dubban kalmomi suke jibge, a zaɓo wadda ta dace, a ture 'yan uwanta masu kama da ita, kamar cokali da ƙwarya da moɗa. Daga nan sai nahawu ya jera su, ya ba namiji nasa, ya ba mace nata. Bayan haka a tufatar da kowace kalma da baƙaƙe da wasula da karin sauti. A ƙarshe sai umarni ya fita zuwa ga tsokoki wajen ɗari, daga huhu zuwa tantanin maƙwallato, zuwa harshe da leɓɓa, kowanne ya motsa a kan lokacinsa. Masanin nan na ƙasar Holan, Willem Levelt, da abokan aikinsa sun auna wannan tafiya, suka tarar cewa daga lokacin da mutum ya ga hoton abu zuwa lokacin da sunansa ya fara fitowa daga baki, kimanin kashi shida cikin goma na daƙiƙa ne kacal.

Abin mamakin bai tsaya nan ba. A shekarar 2009 wasu masana sun nazarci hira a harsuna goma daga sassa daban-daban na duniya, suka ga cewa tazarar da ke tsakanin ƙarshen tambaya da farkon amsa ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. To, idan shirya kalma guda yana cin ninki uku na wannan lokaci, ashe ke nan mai tallar nono ta fara ƙulla amsarta tun mai saye bai rufe baki ba. Tana saurare, tana hasashen inda zancen zai faɗi, tana kuma shirya nata, duk a lokaci guda.

Wani lokaci wannan saƙa takan kwance kaɗan mu hango zarenta. Kowa ya san yadda sunan mutum yake maƙalewa, a ce ga shi nan a bakina. Mun san fuskarsa, mun san garinsu, watakila har harafin farkon sunan mun riƙe, amma sautin ya ƙi zuwa. Wannan shaida ce cewa ma'anar kalma da sautinta ba a taska ɗaya ake ajiye su ba.

Daga Kunne Zuwa Ma'ana

Shi ma saurare ba zaman banza ba ne. Abin da yake isa kunne girgizar iska ce kawai, babu tazara tsakanin kalma da kalma kamar yadda muke bari a rubutu. Shi ya sa baƙon harshe yake zuwa mana kamar ruwan kwata, ba mu san inda wata kalma ta ƙare wata ta fara ba. Ƙwaƙwalwa ce take yanka wannan dogon zare gunduwa-gunduwa, ta kai kowace gunduwa ga ma'anarta.

Aikin mai jin Hausa ya ma fi haka nauyi, domin dole ya kula da karin sauti da tsawon wasali. Wuya na jiki da wuya ta wahala baƙaƙensu da wasulansu ɗaya ne, hawa da saukar murya ne suka raba su. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Gari na mutane da gari na tuwo kuwa tsawon wasalin farko ne ya bambanta su. Binciken da aka yi a kan masu jin harsunan Sin da Tailan, waɗanda su ma karin sauti yake sauya musu ma'ana, ya nuna cewa ƙwaƙwalwar ɗan harshe tana ɗaukar wannan hawa da sauka a matsayin ɓangaren kalma, ta jawo sassan harshe na ɓarin hagu cikin aikin, alhali wanda ba ya jin yaren kusan kamar kiɗa yake jin sa. Fillanci ba ya raba kalmomi da karin sauti. Nasa nauyin yana wani wuri, inda farkon kalma yake sauyawa: Pullo ya zama Fulɓe, gorko ya zama worɓe, debbo ta zama rewɓe. Yaron Mbamba yana riƙe da waɗannan tsare-tsare biyu a kai ɗaya, kuma da wuya ya cakuɗa su.

Wannan horo tun a zanin goyo yake farawa. A 1984 Janet Werker da Richard Tees na ƙasar Kanada sun nuna cewa jariri ɗan wata shida zuwa takwas yana iya rarrabe sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya karkata ga sautukan gidansu, ya fara sakin na waje. Ga dalilin da ya sa dattijon Bafillace da ya koyi Hausa da girma yake cewa karfi maimakon ƙarfi, ga kuma dalilin da ya sa baƙo daga Kano yake tuntuɓe a kan sunan garinmu, ya ce Bamba ko Umbamba, tun da Hausa ba ta fara kalma da irin wannan sauti. Wannan ba nakasar harshe ba ce, kuma ba abin dariya ba ne. Hanya ce da aka share tun mutum bai san kansa ba.

Har ido ma yana da hannu a cikin ji. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald sun haɗa muryar mai cewa ba da hoton leɓɓan mai cewa ga, sai yawancin masu kallo suka ce da suka ji. Tsofaffinmu da suke cewa a juyo su ga bakin mai magana, ashe sun san abin da suke yi.

Mutum Biyu da Suka Buɗe Ƙofa

Tun zamanin Fir'aunonin Masar, kimanin shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, an rubuta labarin mutanen da rauni a ka ya hana su magana. Amma sai a ƙarni na 19 aka fara nuna wurin da yatsa. A 1861 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya duba wani majinyaci, Leborgne, a asibitin Bicêtre da ke kusa da birnin Faris. Shekara 21 wannan bawan Allah ya yi kusan ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, tan, har ta zame masa suna a asibitin. Duk da haka yana gane abin da ake faɗa masa, yana amsawa da hannu. Da ya rasu Broca ya duba ƙwaƙwalwarsa, ya sami lahani a gaba-gaba ta ɓarin hagu. Bayan ya tara irin waɗannan majinyata, a 1865 ya bayyana cewa da ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa muke magana.

A 1874 kuma wani matashin likitan Jamus, Carl Wernicke, yana ɗan shekara 26, ya bayyana akasin wannan. Nasa majinyatan magana tana zuba daga bakinsu kamar ruwa, amma babu kai babu gindi, kuma ba sa gane abin da ake gaya musu. Lahaninsu yana baya-baya, a sashen da ke daura da kunnen hagu. Akwai kuma damin jijiyoyi da ya haɗa wuraren biyu, wanda idan ya taɓu mutum yana ji yana kuma magana, amma maimaita abin da aka faɗa masa sai ya gagare shi.

Ilimin yau ya faɗaɗa wannan taswira. Ba a binne ƙwaƙwalwar Leborgne ba, an adana ta a Faris, kuma a 2007 Nina Dronkers da abokan aikinta suka buga sakamakon ɗaukar hotonta da na'urar zamani, inda aka ga lahanin ya nutsa ciki fiye da abin da Broca ya iya gani daga waje. Don haka masana yanzu suna kallon magana a matsayin aikin hanyoyi masu yawa da suka sarƙe da juna, kamar yadda ciniki a Jimeta bai tsaya ga rumfa biyu ba. Duk da haka rinjayen ɓarin hagu ya tabbata ga fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu amfani da hannun dama, da kuma mafi yawan bahagwai. Tun da ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi yake sarrafa ɓarin dama na jiki, shi ya sa shanyewar hannun dama da ɗaukewar magana suke yawan zuwa tare.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa baki ɗan aike ne kawai ta fito ne daga kurame. Ursula Bellugi da abokan aikinta a Amurka sun nuna a shekarun 1980 cewa kurman da ya sami lahani a ɓarin hagu yakan rasa maganar hannu kamar yadda mai ji yake rasa ta baki, ko da hannun nasa yana iya sauran ayyuka.

Abin da Muka Gani a Gida

Wannan ilimi ba a takarda kaɗai muka san shi ba. Muna da baffa, ƙanin mahaifinmu, manomi kuma mai fataucin shanu, wanda ya shekara fiye da arba'in yana ciniki da Hausa. Wata asuba da damina buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace. A asibiti aka ce hawan jini ne ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Da aka dawo da shi gida, duk harsunan da yake ji kalma ɗaya ta rage masa, jam, watau lafiya. In yana jin ƙishirwa jam, in ciwo ya tsananta jam, in ransa ya ɓaci jam. Goggo, uwargidansa, ita ta fara rarrabe su, har ta san jam ta neman ruwa da jam ta a rufe ƙofa.

Abin da ya ɗaure wa 'yan dubiya kai shi ne, idan lokacin salla ya yi Bappa yakan karanta Fatiha daga farko har ƙarshe, yakan kuma ƙirga go'o, ɗiɗi, tati, amma ya kasa cewa a ba shi ndiyam. Nan take wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce sammu ne, wasu ma suka ce da gangan yake yi. Alhali tun a ƙarni na 19 likitan Ingila John Hughlings Jackson ya lura cewa abin da aka haddace har ya zama jiki, kamar addu'a da ƙirga da gaisuwa, yakan tsira a lokacin da ƙirƙirar sabuwar jimla ta gagara, domin hanyoyinsu a ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba ne.

Ranar da ba za mu manta ba ita ce ranar da 'yan uwa suka taru a zaurensa a kan rikicin iyakar wata gona ta gado. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga rabon farko. Aka zauna ana ta musu a gabansa kamar ba ya wurin, har wani ya ce a bar zancen tsoho, ai hankali ya riga ya tafi. Sai muka ga ya buga ƙasa da hannun hagu, hawaye yana zuba. Babbar 'yarsa ta matso ta durƙusa ta ce, “Bappa, kana jin mu?” Ya gyaɗa kai. Ta share masa ƙasa a gabansa. Da yatsa ya zana gonar, ya nuna inda tsamiya take, ya ja layi daga nan zuwa kwari. Da Jauro ya tura dattawa suka duba, sai ga tsofaffin duwatsun iyaka a kan layin nan. Ba don wannan yarinya ta tambaye shi ba, da marayu sun rasa rabin gonarsu, mai shaida yana zaune yana kallo.

Bayan watanni magana ta fara dawowa, amma Fillanci ne ya riga, Hausar da ya yi arziki da ita ta biyo baya tana ɗingishi. Masana sun daɗe suna muhawara a kan wannan. Théodule Ribot yana ganin abin da aka fara koya shi yake daɗewa bai rushe ba, shi kuwa Albert Pitres a 1895 ya ce harshen da mutum ya fi amfani da shi kafin ciwo shi yake fara dawowa. Michel Paradis na birnin Montreal ya tattara labaran majinyata masu yawa, ya nuna cewa mafi yawanci harsunan tare suke farfaɗowa, amma akwai masu saɓa wa haka. A 1982 shi da abokan aikinsa sun ba da labarin wata mata a Maroko mai jin Faransanci da Larabci, wadda yau wannan harshe zai buɗe mata wancan ya rufe, gobe kuma su yi musaya.

Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

Kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka sami shanyewar ɓarin jiki sukan sami matsalar magana. Babban binciken da Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka gudanar a Nijeriya da Gana, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da suke jawo wannan ciwo a yankinmu. Awon jini ba ya cin minti biyar, kuma rigakafi ya fi magani. Idan kuwa aka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta rikice farat ɗaya, to a nemi mota ko Keke Napep a nufi asibiti nan take. An ƙiyasta cewa idan babbar hanyar jini ta toshe, kusan ƙwayoyin jijiya miliyan biyu suke mutuwa a kowane minti, maganin narkar da gudan jini kuwa yana da iyakar lokaci, wajen awa huɗu da rabi. Addu'a da tofi ana iya yin su a cikin mota.

Idan an dawo gida, kada a yi zancen majinyaci a gabansa kamar an yi jana'izarsa. A fuskance shi, a yi magana a hankali da gajerun jimloli, a yi tambayar da zai amsa da kai ko da hannu, a ba shi lokaci, kada a riƙa fizge masa kalma daga baki. A gwada shi da kowane harshe da yake ji. A bar shi ya yi karatu da waƙe da zikiri, domin tun 1973 likitoci a birnin Boston suka fara amfani da rera kalmomi wajen jawo magana ta dawo. Wanda kuma ciwon ya taɓa masa fahimta, yake ta zuba zance marar kan gado, shi ma ba mahaukaci ba ne, kuma ɗaure shi ko dukansa zalunci ne.

Akwai kuma kaso na musamman da ya faɗo kan ɗaliban harshe. Yawancin gwaje-gwajen da ake auna ɗaukewar magana da su an tsara su ne da harsunan Turai, kuma fassara su kai tsaye ba ta wadatarwa. Gwajin da bai san bambancin wuya da wuya ba, ko Pullo da Fulɓe, ba zai faɗi gaskiyar halin da tsohon Mbamba yake ciki ba. Mu ne muka karanta tsarin sauti da ginin kalma da ginin jimla. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, ga irinsa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Babu abin da zai hana ɗalibin da yake neman batun kundin digiri ya haɗa kai da likitoci da masu gashin ƙashi, a tsara jerin kalmomi da hotuna na Hausa da Fillanci waɗanda majinyatanmu za su gane.

Kammalawa

Mun ga cewa kafin kalma ɗaya ta fito an yi aiki mai yawa a ɓoye, kuma kafin a fahimce ta an yi wani kamarsa. Mun ga cewa ciwo yana iya rushe wani ɓangare na wannan aiki ya bar sauran, har mutum ya rasa kalma bai rasa sani ba. Annabi Musa, Alaihis Salam, da girman matsayinsa ya roƙi Ubangiji a kan ƙullin da ke harshensa, kuma wannan ƙulli bai rage masa daraja ba. Hausawa sun ce kurum ma magana ce, sai dai tana bukatar mai haƙurin saurare. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu yi amfani da baiwar magana ta hanyar da Ya yarda da ita, amin.